Yadda ɗan agaji zai tsaya wa iyalin da mutuwar fuju'a ta faɗa wa

A daren 15 ga Oktoba, 2024, wata tankar mai ta kife a garin Majiya da ke ƙaramar hukumar Taura a Jihar Jigawa, jama'a suka taru a wurin, wuta ta tashi, kuma kafin a gama ƙidaya sama da mutum 150 sun riga mu gidan gaskiya. Da yawa daga cikinsu a babban kabari ɗaya aka rufe su, domin wuta ta sauya musu kamanni har danginsu ba su iya shaida su ba. Shekara uku kafin nan, ranar 30 ga Nuwamba, 2021, kwalekwalen da ya ɗauko ɗaliban Islamiyya daga ƙauyen Badau zuwa Bagwai domin halartar Mauludi ya nutse a dam ɗin Watari, aka rasa aƙalla mutum 29, mafi yawansu yara. A cikin wannan watan ne kuma gobara ta kama ajujuwan zana na wata makaranta a Maraɗi, ta yi ajalin yara sama da 20. Irin wannan ita ce muke kira mutuwar fuju'a, inda mutum zai karya kumallo da iyalinsa, ya ce sai na dawo, daga nan sai labari.

Wanda ya yi doguwar jinya kafin ya cika ya bar wa iyalinsa wani abu da ba a cika lura da shi ba, wato lokaci. An samu damar neman gafara, an ji wasiyya, an san wa yake bi bashi da wanda ke bin sa, kuma zukata sun fara sabawa da rabuwar tun kafin ta zo. Mutuwar fuju'a ba ta barin ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai ma ta ƙara da firgici, da hoton abin da ido ya gani wanda ya ƙi barin rai, da tambayar da ba ta da amsa. A ƙasar Hausa ba mu da ƙarancin masu ta'aziyya, domin a kwana ukun farko ƙofar gida kan cika har a rasa wurin ajiye takalmi. Abin da muke da ƙarancinsa shi ne wanda zai san abin yi a cikin wannan taron, sa'an nan ya ci gaba da zuwa bayan an naɗe tabarmi kowa ya koma harkarsa. Wannan mutumin nake kira ɗan agaji a nan, kuma da gangan na kauce wa cewa ɗan sa kai, tunda a Zamfara da Katsina da Sakkwato sunan ya riga ya koma na masu ɗaukar bindiga. Zan riƙa cewa "kai" don sauƙin magana, amma fiye da rabin aikin nan a hannun mata yake, saboda a cikin gida ne ciwon ya fi zama.

Kafin ka taka ƙofar gidan

Kada ka tafi kai kaɗai da sunan kanka, musamman idan ba danginka ba ne. Ka jingina da wani abu da mutanen wurin suka sani, kamar kwamitin masallacin unguwa, ko rundunar agaji ta Jama'atu Nasril Islam, ko ta Izala, ko ta Fityanul Islam, ko ƙungiyar Red Cross, ko kuma zumuntar mata da matasan coci idan iyalin Kirista ne. Ka shiga ta hannun mai unguwa ko liman ko babban gidan, ka faɗi sunanka da abin da ya kawo ka da abin da za ka iya, kada kuma ka yi alkawarin abin da ba ya hannunka. Ku kasance ku biyu, namiji a zaure tare da maza, mace a cikin gida tare da mata. Ka nemi sanin ainihin abin da ya faru daga bakin wanda ya tabbatar, ka san wa ya rasu, wa ke asibiti, wa ba a gani ba, domin kuskuren suna ɗaya a irin wannan rana yana iya zama masifa ta biyu.

Ka kuma tambayi kanka gaskiya. Idan kai ma ka yi irin wannan rashin bai daɗe ba, har yanzu gabanka na faɗuwa idan an ambace shi, to ka ɗauki aikin ɗebo ruwa ko jigilar mutane, ka bar zaman sauraro ga wani.

Sa'o'in farko

A shekarar 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya, tare da wasu ƙungiyoyi biyu, ta fitar da jagora kan agajin farko ga wanda masifa ta girgiza wa zuciya, kuma ta dunƙule aikin a cikin kalmomi uku: ka duba, ka saurara, ka haɗa, wato ka sada mutumin da waɗanda za su taimaka masa. Dubawa ita ce farko. Ka duba ko akwai sauran hatsari a wurin, ko akwai mai rauni da ya yi shiru saboda ruɗewa, ko tsohuwar da ta zauna a gefe ba ta kuka ba ta motsi. Sau da yawa wanda ya yi tsit ya fi mai kururuwa bukatar a zauna kusa da shi.

Isar da labarin shi ne mafi nauyin abin da za a iya ɗora maka. Al'adarmu ta saba da a buga wa na nesa waya a ce masa jikin wane ya yi tsanani, ya taho. Ina ganin hikimar wannan idan mutumin yana tuƙi ne, ko yana shi kaɗai a wani gari, ko tsoho ne mai hawan jini. Amma a yau dabarar ba ta wuce minti kaɗan take rushewa, saboda kafin ya iso tasha ya riga ya ga hoton ɗan'uwansa a WhatsApp ko Facebook an rubuta Allah ya jiƙansa a ƙasa. Saboda haka abin da ya fi shi ne a nemi wani amintacce da ke kusa da shi ya je da ƙafarsa, ya zaunar da shi, ya fara da cewa akwai labari mai nauyi, sa'an nan ya faɗa a sarari cewa wane ya rasu, Allah ya yi masa cikawa. Kada a yi ta kewaye-kewaye ana barin sa yana tsammani, kada kuma a ce "mun rasa shi" ga wanda zai iya ɗauka cewa ɓata ya yi. Bayan an faɗa sai a yi shiru a bar shi, ko ya yi salati, ko ya yi kuka, ko ya ce ƙarya ne. Zai sake tambaya sau uku ko huɗu yadda abin ya faru, sai a sake ba shi amsa iri ɗaya ba tare da ƙosawa ba, kuma abin da ba a sani ba a ce ba a sani ba.

Maganar hotuna tana bukatar mutum guda da zai tsaya a kanta. Ka roƙi matasan unguwa su goge abin da suka ɗauka, ka nemi masu kula da zaurukan WhatsApp na dangi da na unguwa su hana turawa, kai kuma wayarka ta zauna a aljihu. Uwar da ba ta ga gawar ɗanta ba, ranar da ta ci karo da hotonsa a wayar maƙwabciya, da wannan hoton za ta zauna shekaru.

Idan ya zama dole wani ya je ɗakin ajiye gawa ya shaida mamaci, ka raka shi, ka riga shi shiga in an yarda, ka fito ka gaya masa a hankali abin da zai tarar, sa'an nan ka bar masa zaɓi. Wani zai so ya gani duk da haka, kuma bai kamata a hana shi ba, domin mutane da dama da aka hana sukan daɗe zuciyarsu ba ta yarda an mutu ba. Wani kuma ya ishe shi ya shaida da zobe ko agogo ko wata alama a ƙafa, kuma bai kamata a tilasta masa ya wuce nan ba. Idan jikin ya lalace har ba zai wanku ba, fiƙihu ya yi sauƙi a kan haka, ko a kwarara ruwa ko a yi taimama, don haka a kira liman ya yi wa iyalin bayani, saboda sukan shiga damuwa cewa ba a suturta nasu yadda ya kamata ba.

Kwanakin zaman makoki

Lokacin da labarin shahadar Ja'afar ɗan Abu Ɗalib a yaƙin Mu'uta ya iso Madina, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci a yi wa iyalin Ja'afar abinci, domin abin da ya shagaltar da su ya zo musu. A wurare da yawa mun juya wannan, ya zama gidan mutuwa ne ke ɗora tukunya don baƙi, wani lokaci da kuɗin da ya kamata ya zama na marayu. Aikin ɗan agaji a nan bayyananne ne: ya tsara maƙwabta su raba kwanakin girki, ya tabbatar akwai ruwa da itace ko gawayi, ya sa ido cewa kwanon da aka kai wa matar mamaci ta taɓa shi. Mai sabon rashi abinci mai nauyi ba ya wuce masa, don haka kunu ko koko ko fura sun fi tuwo. Nana A'isha ta kasance tana sa a dama wa masu makoki talbina, wani irin kunun sha'ir, ta kuma ruwaito cewa yana sanyaya zuciya yana rage wani sashe na baƙin ciki.

Akwai ƙananan abubuwa da taro ke mantawa da su. Tsohon da ke shan maganin hawan jini ko na ciwon suga yakan yi kwana uku bai sha ba, sai ka tambaya ka nemo masa. Mai shayarwa tana bukatar a karɓi jaririn ta runtsa. Idan akwai wanda ya tsira yana kwance a asibiti, kada a bar shi ba mai jinya don kowa ya tafi wajen gaisuwa. Ya kamata kuma a samu wata babbar mace da za ta iya cewa masu shigowa su dakata, mai takaba ta ɗan kwanta, domin amsa "ya haƙuri" da "da godiya" sau ɗari biyu a wuni aiki ne mai gajiyarwa ga mai lafiya ma.

Abin da za ka faɗa da abin da za ka haɗiye

Nan ne masu kyakkyawar niyya suka fi yin ɓarna. Addu'o'in da muka gada sun wadatar: Allah ya jiƙansa, Allah ya sa ya huta, Allah ya ba ku haƙurin rashi, Allah ya raya abin da ya bari. Matsalar tana farawa ne idan aka mayar da kalmar haƙuri marfin rufe bakin mai kuka. Sai ka ji ana cewa ki daina kuka kina ƙona shi, ko a ce wa magidanci kai fa namiji ne. Alhali kuwa Annabi da kansa ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin abin da ba zai yardar da Ubangijinmu ba. Abin da addini ya hana shi ne kururuwar jahiliyya da marin fuska da yaga tufafi, ba hawaye ba. Akwai kuma labarin matar da ya tarar tana kuka a bakin kabari, ya yi mata nasiha da haƙuri, ita kuwa ba ta gane shi ba ta ce ya rabu da ita tunda abin da ya same ta bai same shi ba. Bai tsaya jayayya da ita ba, ya wuce, sai daga baya da ta zo da kanta ya gaya mata cewa haƙuri yana a bugun farko. Masu wa'azi sukan tsaya a kan jimlar ƙarshe, ni kuwa ina ganin ɗan agaji ya fi bukatar ya lura da wucewar da aka yi aka ƙyale ta.

Kada ka ce ka san yadda take ji. Kada ka ce ai kina da sauran 'ya'ya, ko ai kai yaro ne za ka sake aure, domin ba a maye gurbin mutum da mutum. Kada ka kawo labarin wanda nasa rashin ya fi muni don a ji sanyi. Sama da duka, kada ka bari a yi shari'ar mamaci a tabarmar makokinsa. Bayan kowace gobarar tanka sai an samu masu cewa wa ya aike su ɗibar mai, bayan kowane hatsarin jirgin ruwa sai an samu masu cewa don me suka yi lodi fiye da kima. Wannan magana tana da wurinta, a rediyo da huɗuba da gaban hukuma, amma ba a kunnen matar da mijinta ya fita da jarka don ya samo na cefane ba. Idan ka ji an fara, ka sauya zancen cikin ladabi, ko ka ja mai maganar waje.

Sauraro kuwa ba ya nufin tono. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyon bayan a zaunar da wanda masifa ta same shi a sa shi ya zayyana abin da ya gani dalla-dalla da sunan a fitar masa da shi daga rai, saboda bincike bai nuna hakan na hana ciwon ba. Idan ya so ya faɗa, ka saurara har ya kai aya ba tare da ka katse shi ba, ko da karo na goma ne yake maimaita labarin. Idan bai so ba, ka zauna shiru tare da shi, zaman ma aiki ne. Maza da yawa ba sa iya magana fuska da fuska, amma idan ka raka mutum gona, ko kuka taka daga masallaci zuwa gida bayan isha'i, sai ka ji ya fara da kansa.

Za ka haɗu da masu ɗora wa kansu laifi, kuma su ne suka fi bukatarka: uwar da ta aiki yaron, direban da ya tsira fasinjojinsa suka mutu, wanda suka rabu da mamacin cikin fushi da safe. Da na sani ƙeya ce, kowa ya san haka, amma faɗa masa karin maganar ba ya cire masa komai. Ka bar shi ya furta abin da ke cin sa, sa'an nan ka tambaye shi a hankali ko a lokacin da ya yi aiken ya san abin da zai faru. Ka bar shi ya ba kansa amsa. Idan mai riƙo da addini ne, malamin da yake girmamawa zai iya tuna masa cewa wa'adi ba ya gaba ba ya baya, da hadisan da suka ambaci wanda ya nutse da wanda gini ya faɗa wa da wanda wuta ta ci a cikin shahidai. Wannan magana tana sanyaya zuciya ƙwarai idan ta zo a lokacinta, daga bakin da ya dace.

Yara

Kada a ce wa yaro babansa ya yi tafiya. Zai yi ta jira a bakin ƙofa, kuma ranar da ya ji gaskiya a bakin abokan wasa zai rasa uba ya kuma rasa yarda da manyan gidan. A gaya masa da kalmomin da suka dace da shekarunsa cewa Baba ya rasu, ba zai dawo ba, ba laifin kowa a gidan ba ne, kuma ga waɗanda za su kula da shi. Ƙaramin yaro yakan yi kuka yanzu, an jima ka gan shi yana wasa, wannan ba rashin damuwa ba ne. Wani zai koma fitsarin kwance, wani ya maƙale wa uwarsa, wani ya riƙa faɗa a makaranta. A sanar da malaminsa na boko da na Islamiyya, a mayar da shi karatu da wuri, kuma in da hali kada a yi gaggawar rarraba 'yan'uwa gidajen dangi a makon farko. Babban ɗa ko babbar 'ya, wanda kowa ke cewa yanzu kai ne uba, shi ma yaro ne da ya yi rashi, a samu mai tambayar sa yadda ya kwana.

Bayan an naɗe tabarmi

Da an yi addu'ar uku ko ta bakwai, a inda ake yin su, baƙi sukan watse, gidan ya yi shiru, kuma a lokacin ne mutuwar take sauka sosai a zukatan masu ita. Zumunta a ƙafa take, don haka ka sa wa kanka rana tsayayya, misali kowace Juma'a bayan la'asar, ka kuma cika. Zuwa na minti ashirin da ba ya fashi ya fi wuni guda da ba a sake ganin ka ba. Kada ka ce in kuna bukatar wani abu ku faɗa, domin kunya ba za ta bar su su faɗa ba. Ka ce gobe zan zo in kai yara makaranta, ko zan turo a gyara rufin ɗakin nan kafin damina.

Mai takaba za ta zauna wata huɗu da kwana goma, ko zuwa haihuwa idan tana da ciki. Shari'a ta hana ta ado da turare da ɗaura aure da kwana a wani gida, amma ba ta hana ta wanka ko magana da mutane ko fita da rana don lalura kamar zuwa asibiti ba, saboda haka idan al'adar gidan ta tsananta fiye da haka, a nemi malama ta yi bayani cikin hikima. Idan mamacin ya bar mata fiye da ɗaya, kowacce rashinta daban, kuma amaryar da ba ta haihu ba ita aka fi mantawa da ita. Haka nan mahaifiyar mamaci, wadda sau da yawa tana wani gidan ita kaɗai.

Sai maganar takardu, wadda ba ta da daɗi amma tana hana wahala nan gaba. A karɓi takardar asibiti da ke nuna sanadin mutuwa, da rahoton 'yan sanda idan hatsari ne, sa'an nan a yi rajistar mutuwar, a Najeriya a ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, a Nijar kuma a ma'aikatar magajin gari. Banki da kamfanin fansho za su nemi waɗannan, galibi tare da takardar kotu ta izinin kula da dukiyar mamaci. A adana wayarsa da layinsa, domin a nan ake gano masu bin sa bashi da waɗanda yake bi, kuma kada wani ya riƙa cire kuɗi da katinsa, tunda daga ranar da ya cika dukiyar ta zama ta magada bayan an fitar da kuɗin sutura da bashi da wasiyya. Rabon gado ba aikinka ba ne, na malamai ne da kotu. Naka shi ne ka raka matar ko babban ɗan zuwa inda za a yi, don kada a yi a bayan idonsu.

Idan masifar ta shafi gari guda, hukumomin agajin gaggawa na tarayya da na jiha sukan zo ɗaukar sunaye, kuma gidan da ba shi da namiji mai baki shi ne ake tsallakewa. Ka tabbatar an rubuta su. Duk gudummawar da ta biyo ta hannunku a rubuta ta a littafi, mutum biyu su sa hannu, a miƙa ta a gaban shaida, kuma kada a ɗauki hoton marayu riƙe da buhun shinkafa.

Akwai iyalan da nasu ya fi kowa wuya, su ne waɗanda ba a ga gawar ba, kamar yadda ya faru da mutane da yawa a ambaliyar Mokwa ta ƙarshen watan Mayun 2025. Ba su da kabarin da za su ziyarta, kuma duk ƙarar waya sai gabansu ya faɗi. Kada ka ce musu su fid da rai, kada kuma ka ƙara musu fata na ƙarya. Ka taya su bin asibitoci da ofisoshin da ke da jerin sunaye, kuma batun ko matar za ta shiga takaba ko za a raba gado a kai shi gaban alƙali, domin hukuncin wanda ya ɓata yana da nasa sharuɗɗan.

Lokacin da abin ya wuce hannunka

A makonnin farko rashin barci, da mugun mafarki, da firgita idan an buga ƙofa, da jin kamar warin fetur ko ƙarar ruwa na dawowa, da mantuwa, duk abubuwa ne da ake tsammani, kuma ga mafi yawan mutane suna raguwa da kansu. Ka gaya musu haka, domin da yawa suna tsoron ko sun fara taɓuwa ne. Ka hana a sayo musu maganin barci a kemis ba tare da likita ba, saboda Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a 2013 cewa kada a ba da irin su baliyam don firgici ko rashin barci a watan farko bayan masifa. Ka sa ido kan matasa kada su nemi sauƙi a tiramadol ko kodin.

Amma idan wata guda ya wuce abin bai ragu ba, ko yana ƙaruwa har mutum ya kasa fita kasuwa ko kula da 'ya'yansa, to a ga likita. Haka nan idan an haura wata shida baƙin cikin yana nan kamar ranar farko, ya hana shi komai. Wasu alamun kuwa ba sa jiran wata: wanda ya daina ci da sha gaba ɗaya, wanda ba ya gane mutane ko yake jin muryoyi, da wanda ke cewa gara ya bi mamacin. Wannan na ƙarshe ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi. Idan ya amsa, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da fiya-fiya da shinkafar ɓera da maganin feshi da igiya daga inda zai kai hannu, a kai shi asibiti a ranar. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, manyan asibitocin koyarwa ma suna da sashen, kuma ko babban asibitin ƙaramar hukuma zai iya tura ku inda ya dace. Iyali da yawa za su ce iska ce, su nemi ruƙiyya. Kada ka yi musu da su a kan haka, ka ce a yi addu'a a kuma ga likita, ɗaya ba ya hana ɗaya, sa'an nan ka yi tayin raka su, tunda kunyar a gan su a ƙofar wannan asibitin ita ce ta fi hana zuwa.

Kai ma abin da kake ji yana taruwa a ranka. Kada ka ɗauki fiye da gida biyu ko uku a lokaci guda, ku riƙa zama da abokin aikinka kuna sauke wa juna nauyi ba tare da ambaton sirrin kowa ga na waje ba, kuma idan ka ga barcinka ya fara lalacewa ka huta, wani ya karɓe ka. Abin da aka faɗa maka a ɗakin takaba ko a hanyar masallaci amana ce, ko matarka ko mijinki bai kamata ya ji ba, in ban da maganar da ta shafi ceton rai.

Tun daga makon farko ka riƙa lura da wanda zai ci gaba bayanka a cikin dangi ko maƙwabta, ka riƙa jawo shi cikin hidimar, domin ba a so gidan ya rataya a wuyanka kai kaɗai. Idan lokacin rage zuwa ya yi, ka faɗa musu tun da wuri, daga mako-mako ka koma wata-wata. Sa'an nan ka rubuta wasu ranaku a wayarka: ranar fita takaba, da ranar komawa makaranta lokacin da za a nemi kuɗin littafi, da daren farko na azumi, da jajibirin Sallah inda yaran maƙwabta za su karɓo ɗinki, da ranar da abin zai cika shekara. A waɗannan ranaku ka je da ƙafarka, in kuwa ka yi nisa ka buga waya, ka kuma ambaci mamacin da sunansa.